Kirfar da Aka Daka a Turmin Abare

Ɗigon farko ya faɗa cikin kwalbar tun rana ba ta haura katangar gidan ba. Rahina ta yi murmushi, ta ƙara karan dawa biyu a wuta.

Haka take aikinta kullum. Tukunyar ruwa a ƙasa, madambaci a kanta cike da kirfa, ta naɗe bakinsu da tsumma mai ƙullu yadda tururi ba zai sami hanyar gudu ba sai ta bututun ƙarfen da ya fito daga murfi. Bututun ya ratsa randar ruwan sanyi ya ɓullo ta ɗaya gefen, a nan tururin ke komawa ruwa, fari kamar an ɗiga masa madara. Idan ya kwanta a kwalba, man kirfar yakan nutse ƙasa don ya fi ruwan nauyi, sai ta zuƙe shi da sirinji. Ruwan saman na masu shayi ne da masu cincin. Man kuwa masu sabulu da turare na nan Anka har rige-rige suke a kansa.

A makaranta an koya musu hanyar da ta fi wannan sauri. A jiƙa kirfar cikin wani sinadari mai warin fetur, ya tsotse man, sannan a zubar da ragowar. Ranar da malaminsu ya ce a zubar, Rahina ta ɗaga hannu ta ce, "A zubar a ina?" Aji ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. A Abare aka haife ta. Tana da shekara goma sha ɗaya lokacin da ake daka dutsen zinariya a tsakar kowane gida, gubar dalmar da ke cikin dutsen ta bi ƙura ta shiga jikin yara. A cikin waɗanda aka rufe a shekarar har da ƙanenta Haris, ɗan shekara uku. Shi ya sa ruwa da wuta kaɗai ta yarda su taɓa kirfarta. Ruwan randa in ya yi ɗumi, bishiyar zogale take ba shi. Tukar kirfar kuma taki.

Kwana biyu ta yi a Gusau tana nuna wa wata ƙungiyar mata wannan aiki. Da ta dawo jiya da yamma, ta tarar da kirfarta a dake cikin roba, an rufe da faifai.

"Na rage miki aiki, Malama," Inna ta ce, tana kallon wani wuri. Ba ta faɗin sunan Rahina don ita ce 'yar fari, tun da ta gama karatu sai ta laƙaba mata Malama.

Rahina ta ji daɗi har ranta, ta yi godiya ta shige ɗaki da gajiya.

Yanzu da kwalbar farko ta cika, ta janye wuta, ta kwance tsumman don ta ƙara ruwa. Ta ɗaga madambacin. Ta tsaya.

Garin ya yi laushi da yawa, wani ya zube ta hujojin madambaci cikin tukunyar ƙasa, wannan ba komai ba ne. Amma a gindin tukunyar akwai wani abu da ba kirfa ba. Kirfa ja ce, kuma yawo take a ruwa. Wannan ruwan toka ne, ya kwanta luf. Ta ɗebo da cokali ta kai hasken rana. Ya yi ƙyalli.

Irin ƙyallin garin dutsen Abare. Sai a lokacin ta tuna. Turmin da take daka kirfa, sabo ne da ta sa aka sassaƙa mata, kuma a ɗakinta yake. Makullin ɗakin yana cikin jakarta, ya je Gusau ya dawo.

"Inna!"

Inna ta leƙo daga ɗaki da carbi a hannu. "Wanga kira sai ka ce gobara. Mi yaf faru?"

"A wane turmi kika daka kirfar nan?"

Inna ta mai da carbin aljihu, ta sake fito da shi.

"Don Allah, Inna. Na gidan maƙwabcinmu Malam Zayyad kika aro?"

"Ni ban aro turmin kowa ba. Ina da nawa."

Ta wuce ɗakin ajiya, Rahina na biye da ita. Ta ture buhun gero, ta yaye wata tsohuwar tabarma. Ga shi nan. Baƙin turmi mai gajeren wuya, gefensa ya tsage an ɗaure da waya. Rahina ta gane shi nan take. A gindinsa ta koyi bakace. A cikinsa kuma ta ga Inna na daka duwatsun da Baba ke kawowa daga rami, tun daga hantsi har la'asar.

"Ai an kwashe turamen Abare duka," Rahina ta ce. "Da idona na ga an loda su a mota, ranar da aka kankare ƙasar gidanmu."

"An kwashe na kowa. Nawa na turbuɗe shi cikin rumbu." Inna ta faɗa a hankali. "Na tsohuwata ne, ita ma uwatta tab ba ta. Da muka taso nan na naɗo shi cikin tabarma. Shekara goma sha huɗu ban sa mai taɓarya ba, Allah na gani. Kuma sai da na wanke shi da toka har sau uku."

"Dalma ba ta fita da wanki, Inna. Tana cikin tsagar itacen. Kina daka, tana fitowa." Rahina ta dafa bango. "To me ya sa yanzu? Me ya sa kika fito da shi?"

"Don ƙanwarki." Inna ta ɗago kai, har da ɗan alfahari a fuskarta. "Haihuwar fari ce. Duk macen da ta haihu a zuri'armu, a cikinsa ake daka mata yajin jego. Da na haihe ki a nan aka daka nawa. Shi ne na ɗibi kirfarki kaɗan na haɗa da citta da kanumfari da masoro da kimba. Da na ƙare na ga da sauran ƙarfina, na ce bari in dake miki sauran."

Asma, ƙanwar Rahina, kwana huɗu ke nan da haihuwar ɗa namiji a gidan mijinta a Gummi.

"Ina yajin yake?"

"Jiya da hantsi kawunki Lirwanu yat tahi da shi."

Rahina ta fice da gudu ta ɗauko waya. Ta kira Asma, wayar ba ta shiga. Ta kira mijin Asma, haka. Ta kira sau biyar kafin ta tuna abin da aka faɗa a mota jiya, cewa sabis ya ɗauke a wajen Gummi kwana uku ke nan.

Ta watsa wa wutar ruwa. Ta rufe tukwanen ta ɗaure su da igiya, ta ja su ɗakin ajiya tare da robar garin da kwalbar da ta cika. Ta san tururi ba ya ɗaukar dalma, a tukunya take zama, amma ba za ta ba kowa wannan ruwan ba. Ta kulle ɗakin. Daga kan kantar ɗakinta ta zaro kwalba biyu na aikin makon jiya ta jefa a jaka.

Da ta juyo, Inna na tsaye da hijabi, takalmi a ƙafa.

"Ki zauna, Inna, ni zan je."

"Ni na daka," Inna ta ce. Ta riga ta fita ƙofa.

A tasha suka sami Kawu Lirwanu, ƙanen Inna, ya jingina da tsohuwar motarsa yana jiran fasinja su cika. Yana ganinsu ya washe baki.

"A'a, malamar tururi! Yau an bar tukwane su huta? Yaya, ina zuwa haka ba sanarwa? Suna sai gata."

Rahina ta ja shi gefe ta faɗa masa a taƙaice. Dariyar ta bar fuskarsa. Shi ma mutumin Abare ne, shi ya ɗauki gawar Haris a hannunsa. Ya dubi yayarsa, ya buɗe baki, ya ga yadda ta sunkuyar da kai, ya rufe. Ya je ya ba fasinjoji biyun da ke ciki haƙuri, ya mai da su motar da ke bayansa.

"Ku shiga. In Allah ya so kafin azahar muna Gummi."

Motar ta fita daga Anka tana kukan wahala. Gonakin gero na wucewa ta taga, kore shar. Inna na gefen Rahina a baya, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Ga yadda za mu yi," Rahina ta ce. "Ba sai kowa ya ji ba. Zan ce wa Goggo Husaina kirfar da kika sa ta sha danshi ta lalace, mun zo mu karɓe yajin mu kawo wani. Ga ruwan kirfa kwalba biyu, a riƙa ɗiga mata a kunu kafin nan. Ke ba sai kin ce komai ba."

Goggo Husaina ita ce uwar mijin Asma. Karɓe kyautar da aka riga aka kai gidan surukai ba ƙaramin abin kunya ba ne, balle a ce guba aka kai. Inna ta gyaɗa kai.

Sun wuce Daki Takwas, garken shanu ya tare hanya. Kawu ya danna oda, makiyayin ya ɗaga sanda yana ba da haƙuri, shanun kuwa ko a jikinsu. A cikin wannan tsayuwar Inna ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Malama. Turmin ga, shi ne yac ci Haris?"

Kawu ya ɗauke hannu daga kan oda.

"Inna, duk Abare ake daka," Rahina ta ce. "Ƙasar tsakar gida ma da ita, ruwan kududdufi da ita. Ba wanda zai nuna turmi ɗaya ya ce shi ne."

"A gindinai yake wasa. In ina daka sai ya zo ya riƙe mini zane, yana kwaikwayon taɓarya da muciya. Kansa ya yi fari fat da ƙura, ina dariya ina ce masa tsoho."

"Ba ki sani ba a lokacin. Ba wanda ya sani."

"Awo, sannan ban sani ba." Inna ta share ido da gefen hijabi. "Amma ranar da na ɓoye shi na sani. Na ce in suka tahi da shi, to sun tabbatar shi ne. In yana nan kuwa, turmi ne kawai, na tsohuwata."

Rahina ta kamo hannun Inna ta riƙe. Shekara da shekaru ba ta tuna ranar da ta riƙe hannun nan ba. Inna ba ta janye ba.

Shanu suka wuce. Kawu ya ba mota wuta kamar zai tashi da ita sama.

Ana kiran sallar farko na azahar suka tsaya a ƙofar gidan. Goggo Husaina ta tarye su tun a zaure, doguwar mace mai murya kamar tana kiran shanu daga nesa, don a ruga ta tashi.

"Lale, lale! Surukata da kanta! Ai da kin aiko an share miki hanya. Ku shigo. Ina gajiya? Ina mutan Anka? Ina ruwa? Ya damina?"

Inna ta durƙusa tana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwar surukai ba a yanke ta. Rahina na tsaye, ƙafafunta na mata ƙaiƙayi. Sai hancinta ya kamo wani ƙamshi da ta fi kowa sani. Kirfa, da zafinta, daga ɗakin da ke kusa da rijiya.

Ta bar su a nan ta faɗa ɗakin.

Asma na zaune a bakin gado, jinjiri na barci a gefenta, kwanon kunu a hannunta yana tururi. Ta kai ludayi baki ke nan tana hurawa.

"Yaya Rahina! Yaushe..."

Rahina ta fizge ludayin, ta karɓe kwanon. Kunu ya zubo mata a hannu, ba ta ko ji zafinsa ba.

"Kin sha?"

"Yanzu aka kawo. Lafiya? Ke da ko barka ba ki yi mini ba?"

"Da yajin Inna a ciki?"

"Goggo ta barbaɗa. Jiya ma an sa mini a farfesu. Wai mene ne?"

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya, da yamma. Yaya, kina ba ni tsoro."

Goggo Husaina ta ɗaga labule, Inna na bayanta. Ta dubi kwanon a hannun Rahina, ta dubi Asma.

"To! 'Yar boko, yunwar hanya ce ta sa kike ƙwace wa mai jego kunu? Akwai wani a tukunya."

Rahina ta ajiye kwanon a ƙasa, ta rusuna. "Goggo, ki yi haƙuri. Kirfar da aka sa a yajin nan ce muka gano ta sha danshi. Shi ne muka ce mu karɓe shi mu kawo wani. Ki ba mu ƙullin kawai."

"Danshi? Wanga yajin?" Goggo ta tafa hannu tana dariya. "Ni ban taɓa jin yaji mai ƙamshinsa ba. Ai rabi ma ya tahi. Tun jiya na raba wa maƙwabta, gida bakwai, kowa ya san surukata ta iya hannu. Ɗan danshi ba ya kashe kowa, ku bar musu abinsu."

Ɗakin ya yi tsit a kunnen Rahina. Gida bakwai. Ta manta da wannan sam. Yajin jego ba a cinsa a ɗaki ɗaya, ana ƙulla wa maƙwabta su ma su taɓa albarka. Kuma ba wadda za ta dawo da yaji mai daɗi don an ce mata ya sha danshi. Za ta ce to, ta ɓoye rabi. A kowane gida akwai yara masu lasar kwano.

Ta juya ta dubi Inna. Ba ta ma san abin da take so Inna ta yi ba.

Inna ta matso tsakiyar ɗakin. Ta durƙusa a gaban Goggo Husaina, gwiwa biyu a ƙasa.

"Ba danshi ba ne. Ɗiyata tana rufa mini asiri ne." Muryarta ta fito sarai. "Mu mutanen Abare ne, kin sani. A turmin da na daka dutsen zinariya na daka yajin ga. An ce mu ba da shi tun shekarar da yara suka mutu, na ɓoye. Akwai dalma a ciki. Ɗana guda ta ci. Na ɗauko da hannuna na aiko wa ɗiyata da jikana da maƙwabtanki."

Asma ta dafe baki. Ta jawo jinjirin jikinta.

Goggo Husaina ta daɗe tana kallon Inna. Dariya ta ɓace daga fuskarta, amma abin da ya maye gurbinta ba fushi ba ne.

"Ɗiyar ƙanwata a Tungar Guru aka rufe ta, a waccan shekarar ta dalma," ta ce. "Tana rarrafe. Har yau uwar ba ta iya jin ƙarar daka." Ta sunkuya ta kama Inna ta kafaɗu. "Tashi. Ba a durƙusa mini a ɗakin jikana. Tashi mu tahi, kafin su ɗora miyar rana. Ni na kai, ni zan karɓo. Ke ki tsaya bayana kurum."

"A'a," Inna ta ce, tana miƙewa. "Ki kai ni dai. Ni zan faɗa."

Haka aka yi. Goggo ta zari mayafi, ta juye sauran yajin gidan a wani bokitin fenti mai murfi, Rahina ta ƙara da kunun ta ɗauka. Suka fita cikin rana.

Gida na farko, ƙullin na rataye ba a kwance ba. Na biyu haka. A kowace ƙofa Goggo ke yin sallama, Inna ta matsa gaba ta faɗi maganar nan guda, ba ta rage ko kalma ba. Wata ta yi salati ta miƙo da sauri. Wata ta ce, "Ke kuwa baiwar Allah, da girmanki?" Goggo ta ce, "Da girman nata ta taso tun daga Anka ta zo ta faɗa miki. Ke kin taɓa zuwa ko bakin titi ki faɗi laifinki? Kawo yaji." A gida na huɗu an riga an sa a miyar jiya, mutum biyar sun ci. Rahina ta rubuta sunayensu a bayan takarda, da shekarun yara biyun da ke ciki, ta ce gobe za a zo a kai su a auna jini. Matar gidan ta fara kuka. Inna ta tsaya a gabanta har ta yi shiru, ba ta kare kanta da komai ba.

A gida na shida suka tarar da tukunya a wuta, matar ta kwance ƙullin tana shirin zubawa. Inna ta yi wani tsalle da Rahina ba ta san tana iyawa ba, ta dafe ƙullin da hannu biyu. Yaji ya tashi, duk suka kama atishawa.

Na bakwai ya fi ba su wahala. Tsohuwar gidan ta raba nata biyu, ta aika wa 'yarta a wata unguwa can bayan kasuwa. Kawu Lirwanu ya kwashe su a mota, ya bi lungunan da ko jaki sai ya yi tunani kafin ya shiga. Suka sami ƙullin a kan taga, kaza na tsattsagar ledar.

"Ita ma a rubuta ta a auna ta?" Kawu ya tambaya, yana nuna kazar.

Goggo ta fashe da dariya, Rahina ma ta kasa riƙewa. Inna ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ɗauki ƙullin ta sa a bokiti, ta danna murfin da tafin hannu.

La'asar ta kusa da suka dawo. Rahina ta ɗaure bokitin a bayan mota don a mai da shi Anka, wurin waɗanda suka san inda ake binne irin wannan. Sannan ta shiga wajen Asma, ta zauna kusa da ita.

"Faɗa mini gaskiya, Yaya. Zai shiga nonona?"

"Ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ci ɗaya ba daidai yake da abin da muka shaƙa wata da watanni a Abare ba. Gobe za a auna ki, a auna shi, likita ya faɗa mana abin yi. Ina nan, ba inda zan je."

Goggo ta dama sabon kunu a sabuwar ƙwarya. Rahina ta fito da kwalba ɗaya daga jaka. Goggo ta ɗaga mata hannu.

"Tsaya. Wannan kuma a ina aka daka shi?"

"A turmina, Goggo, sabo ne, ba abin da ya taɓa shiga cikinsa sai kirfa. Kuma ba garin ba ne. Tururi ne ya bi ta cikin kirfar ya ɗauko ƙamshin, ya huce ya koma ruwa. Ba abin da ke ciki sai ruwa da kirfa."

Goggo ta karɓa ta shinshina, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Ta ɗaga gira. "Sai na sha na kwana tukuna a ba mai jego. Gobe in kun ga na tashi, a zuba mata."

"Na yarda," Rahina ta ce.

Sai a lokacin suka lura Inna ba ta ɗakin. Tana zaune a dakalin ƙofa, a waje, ta miƙe hannuwanta nesa da jikinta. Yaji ya yi musu ja har wuyan hannu, ya shiga ƙarƙashin farce, ya ɓata gaban hijabinta.

"Inna, ki shigo ki gan shi mana," Asma ta ce daga ciki. "Tun da kika zo ba ki ko dube shi ba."

"Ina ganinsa daga nan."

"Ki zo ki ɗauke shi."

Inna ta girgiza kai. "Ba da hannun ga ba."

Goggo Husaina ta shiga ɗakinta ta fito da sabulu sabo a takardarsa, da zane da riga da hijabi nata, ta ajiye a kan dakali. Rahina ta jawo ruwa a rijiya ta cika buta biyu. Ta kawo roba don kada ruwan wankin ya bi ƙasa, ta durƙusa a gaban Inna, ta kama hannun dama.

"Bari, zan iya," Inna ta ce.

"Na sani."

Ta cuɗa tafin, ta cuɗa bayan, ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta karyo tsinken tsintsiya ta bi ƙarƙashin kowane farce a hankali. Hannun ya yi kanta, duk tabon wuƙa da na wuta. Ta ɗauraye, ta sake sa sabulu. Ta koma na hagu. Inna na kallon saman kanta, hawaye na sauka ba ta share ba, don ba ta da hannun sharewa. Sau uku Rahina ta canza ruwa kafin ya fito fari.

Inna ta zagaya ta yi wanka, ta fito cikin kayan Goggo. Zanen ya yi mata tsawo har yana jan ƙasa.

"Kin ga surukata ta zama 'yar ruga," Goggo ta ce. "Saura ƙwaryar nono."

Inna ta tsaya a bakin ƙofa. Asma ta taso da kanta, tana takawa a hankali, ta ɗora mata jinjirin a hannu kafin ta sami damar cewa a'a. Yaron ya motsa, ya yi miƙa, ya buɗe ido ɗaya ya rufe.

"Yana da nauyi," Inna ta ce da ƙyar.

"Ki zauna mana," Asma ta ce, ta gyara mata wuri a bakin gado.

Inna ta zauna. Ta gyara masa zani a kafaɗa, ta tofa masa addu'a a ka. Daga waje Kawu Lirwanu ya ɗaga murya yana tambaya ko za a koma yau, don hanya ba ta biyuwa in rana ta yi sanyi.

"Ce masa ya nemi wurin kwana," Goggo ta ce wa Rahina. "Ba mai fita gidan ga sai an auna kowa."